Maganar Riƙon Ummi

Gumel,
Ranar Talata.

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina gaida Rabi, da fatan kuna lafiya, kuna ta fama da ɗaurin kaya. Allah ya sa wannan aiki na Ikko ya zama alheri gare ka, ya tsare ku a cikin jirgin ƙasa da bayan kun sauka, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, don a baƙon gari maƙwabci shi ne dangi.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali tsakanin Gumel da Gagarawa ba wata tafiya ba ce, kuma ranar Juma'ar da ta wuce muna zaune tare a zaurena. To, ai ka ga yadda zaman ya kasance. Ka tambaye ni damina, na ce alhamdu lillahi. Na tambaye ka ranar tashi, ka faɗa. Muka koma kan gero, daga gero muka koma kan hanyar Maigatari, sai aka kira salla, kowannenmu ya ji kamar an kwance masa dabaibayi. Haka muke ni da kai tun da ka yi wayo. Kai ɗan fari ne, bakina bai saba da kai ba, ko sunanka na yanka ban taɓa faɗa ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma alƙalami ba ya jin kunya, shi ya sa na aiko shi.

Maganar Ummi ce. Kun kawo ta yaye gidan nan kamar yadda ake yi, an yaye ta lafiya, har ta yi kumatu. Da maganar tafiyarku ta taso, mahaifiyarka ta ce a bar mata takwararta ta riƙe, kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce, "Ai taku ce." An tashi a kan haka. Ni kuwa cewa nake ka tafi da 'yarka. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na rubuto tun yanzu. Kafin ka ce tsoho ya fara rikicewa, bari in ba ka labarin yadda na yi nawa, sai ka auna.

Shekara talatin da wani abu ke nan da na fito daga makarantar Midil. Ranar da na dawo Gumel da akwatin ƙarfe da takardar shaida, gani nake garin ya yi mini kaɗan. Waɗanda suka yi wannan karatu a ƙasar nan ba mu da yawa a lokacin, mun kuma san haka, har a tafiyarmu ana gani. Aka tura ni kwas na aikin dabbobi, na dawo En'e ta ɗauke ni malamin dabbobi, aka ba ni keke da akwatin allura. Aikina in bi rugage in yi wa shanu rigakafi, in tsaga musu kunne don a gane wadda aka yi wa. Makiyaya kuwa da sun hango kekena sai su ɗauka ƙidayar jangali na zo yi, kafin in ƙaraso rabin garken ya tsallaka iyaka ya shiga ƙasar da Faransa ke mulki. Na ƙare ƙuruciyata ina bin saniya a guje, ina ce wa kaina babban ma'aikaci.

Kuskurena na farko shi ne ban taɓa cewa a'a ba idan aka canza mini wurin aiki. Abokan aikina sukan je su durƙusa su ce, "Ranka ya daɗe, iyalina na da ciki," ko "Tsohona ba lafiya," a ɗaga musu ƙafa. Ni ina ganin wannan ƙasƙanci ne ga wanda ya yi Midil. Duk canjin da ya zo sai in ɗauka matakala ce nake hawa. Ashe zagaye nake yi kamar akuya a turke: Gagarawa, Maigatari, Gumel, a dawo Gagarawa. Bara da En'e ta koma ƙaramar hukuma na ajiye aiki. Aka tara mutane aka yi jawabi, aka ce ba a taɓa samun irina ba. Kashegari wani saurayi ya zauna a kujerata, kuma har yau ban ji wata saniya ta tambayi inda nake ba. Ka yi aikinka tsakani da Allah, kada ka ci abin da ba naka ba, kada ka makara. Amma ka koyi faɗin "ina da iyali" ba tare da ka ji ka ragu ba. Ofis yana da wanda zai maye gurbinka tun kafin ka tashi, gida ba shi da shi.

Na biyu ya fi wannan, kuma daga na farkon ya fito. A Gagarawa aka haife ka. Lokacin yayenka ya zo daidai da canjina zuwa Maigatari, ga rani ya shigo, lokacin da muke kwana a rugage. Tsohuwata ta riga ta rasu, don haka aka kai ka Sule Tankarkar gidan yayana, Yaya Sale, wajen matarsa Inna Tabawa, wadda duk abin da ta haifa bai zauna ba. Aka ce in ka manta da nono za a dawo da kai. Da lokacin ya yi, kafin in aika, sai ga Yaya da kansa a kan jaki. Muka ci tuwo, ya wanke hannu, ya ce, "Habu, yaron nan ya saba da mu. Kai kullum kana bisa keke, matarka kuma yarinya ce, ɗan fari ma ai ba nata ba ne. Ku bar mana shi mu ma mu ji motsin yaro a gida. Allah zai ba ku wasu."

Na ce, "Yaya, ai naka ne."

Ka ji amsar. Ranar Juma'a da na ji ta fito daga bakinka, ko muryar ba ta canza ba.

Ba zan ce maka na sha wahala kafin in faɗe ta ba. Ban sha ba. Har daɗi na ji, don na san za a ce Habu ya yi boko amma bai watsar da zumunci ba. An kuwa faɗa, na kuma ji da kunnena. Ban shiga cikin gida na tambayi mahaifiyarka ba, sai bayan Yaya ya tafi na gaya mata abin da aka yanke. Tana tankaɗe, ta ce, "To." Me za ta ce? Yarinyar da ko ɗaukar ka ba ta yi a gaban mutane, da wane baki za ta ce a dawo mata da kai? Na karɓi "to" ɗin nan na sa a aljihu kamar yarda ce. Abin da na lura da shi kawai, ta daɗe tana dama kunun safe fiye da cikinmu mu biyu, ragowar ya tsinke a ƙwarya. Na yi mata faɗa a kan ɓarnar hatsi. Kada ka yanke maganar da ta shafi mutum biyu kai kaɗai, ko da a gaban manya ne. Ka ce, "Bari in yi shawara," ba wanda zai mutu. Kuma shirun macen da kunya ta rufe wa baki, kada ka ƙirga shi a cikin amincewa.

Akwai wata Alhamis a kasuwar Maigatari, ban sani ba ko kana tunawa. Ka kai munzalin shiga makaranta. Yaya ya kawo sa zai sayar, ya taho da kai, kana riƙe da gefen rigarsa. Ina cikin shanu ina duba waɗanda mutanen Damagaram suka shigo da su, sai na ji ya ce, "Magaji, gaida Baffanka." Ka durƙusa har ƙasa ka ce, "Baffa, ina wuni?" Na amsa ina kallon wani wajen, yadda ya kamata. Wani dillali da ke tsaye ya dube ka ya dube ni, ya ce, "Malam, yaron nan kuwa kamar an tsaga kara da kai." Na ce, "Ɗan yayana ne." Muna cikin haka wani bijimi ya tsinke igiya, kasuwa ta watse, kowa ya yi ta kansa. Ni na fi kusa da kai, har na miƙa hannu. Ka bi ta ƙarƙashin hannuna ka wuce, ka je ka ƙanƙame ƙafar Yaya. Daidai ka yi, yaro wajen ubansa yake gudu. Na mai da hannuna aljihu na koma duba shanu.

Ranar ce ya kamata in yi magana, ban yi ba. Na ce a bari sai an yi mini canji zuwa gida. Da canjin ya zo na ce a bari ka gama firamare. Da ka gama aka tura ka makarantar kwana, daga nan sai kwaleji, daga kwaleji sai ga ka da gemu kana koyar da 'ya'yan mutane a Gagarawa. Wannan shi ne na uku: duk abin da ya yi mini nauyi sai in ɗaga shi zuwa baɗi. Idan ka bar Ummi, kai ma haka za ka yi. Za ka ce sai kun sami ɗaki mai faɗi, sai Rabi ta haihu, sai hutun ƙarshen shekara. Kowane dalili gaskiya ne a ranarsa, ni ma ban taɓa yi wa kaina ƙarya ba. Sule Tankarkar da keke ake zuwa, ga inda ta kai mu. Ikko kuwa sai an kwana a jirgi.

Kada ka ɗauka ina ɓata riƙo ne, ko ina zargin Yaya, Allah ya jiƙansa. Shi da Inna Tabawa sun riƙe ka riƙon da ni ban tabbata zan iya ba. Shi ya kai ka makarantar allo da hannunsa, shi ya koya maka riƙon garma, ita kuwa ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kanka. Halin kirkin da ake yabon ka da shi, nasu ne, ba na cin bashin yabon. Riƙo ya raya gidaje da yawa a ƙasar nan, ya share hawayen waɗanda ba su samu ba, ya ceci marayu. Abin da ba a faɗa shi ne, wanda ya bayar ya bayar ke nan, ba aro ba ne. Ranar da Yaya ya rasu, shekarar farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa, kai ka shiga kabari ka karɓe shi. Muka zauna zaman makoki a tabarma ɗaya, masu ta'aziyya suna ce mini, "Ya haƙurin rashin ɗan'uwa?" su juya su ce maka, "Ya haƙurin rashin uba?" Na ga irin kukan da ka yi. Na ji kishi ƙwarai, kishin mamaci kuma yayana, na yi ta istigfari a zuci.

Ita ma kunyar ɗan fari ba laifinta ba ne. Na san mutane da yawa da ba su taɓa kiran sunan ɗansu na fari ba, amma yaron a ƙarƙashin rufinsu yake kwana, suna jin tarinsa, sun san ranar da ya ƙi cin abinci. Tasu kunyar a baki ta tsaya. Ni na mai da ita inuwa na shige ciki na huta.

Kwanakin baya wani ɗan ajinmu na Midil ya rasu a Kano, muka haɗu wajen ta'aziyya, mu 'yan ragowar. Kowa ya tsufa, ba wanda ya yarda. Garba, wanda ko rabawa bai iya ba a aji, yanzu Alhaji ne mai motocin ɗaukar kaya. Audu, sarkin barci, alƙali ne. Ni da nake zuwa na ɗaya, ga ni da sandar kiwo da fansho. Wannan bai dame ni ba, rabo ba ya bin jarrabawa. Sai hira ta koma kan 'ya'ya. Alhaji Garba yana ta ƙorafi wai babban ɗansa ba ya shan miyar kuɓewa, ga minshari irin nasa, ga gardama. Yana ƙorafin yana washe baki. Da aka zo kaina na jero makarantun da ka yi da takardun da ka samu, aka ce madalla. Sai Audu ya ce, "To a hali fa, wa ya biyo, kai ko uwarsa?" Na ce, "Sai na tambaya." Suka fashe da dariya, wai har yanzu Habu bai bar barkwanci ba. Na taya su.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa maganar nan ba ta zo mini da sauƙi ba. Ina son Ummi ta zauna. Ƙannenka ma ban zauna da su ba, sun tashi ina kan keke, sai dai in dawo in tarar an yi haƙori, an fara tafiya. Ummi ce yarinya ta farko da na ga tana girma da idona. Da hantsi takan fito zaure ta kashe mini rediyo, ta cire mini tabarau, ta sa hannu a furata. Ina ce mata amarya, tana ce mini tsoho, an ce ta ƙi ni saboda furfura. Tun da na ajiye aiki wuni yake yi mini tsawo, ita ce ta gajarta shi. Da don kaina ne da na yi shiru na bar maganar yadda kuka yanke, ba wanda zai ga laifina.

Amma ranar Juma'ar nan na ga wani abu. Na shigo cikin gida ɗaukar buta, Rabi tana zaune a bakin ɗakin mahaifiyarka, ta juya wa yarinyar baya kamar ba ta san ta ba, yadda 'yar mutunci take yi a gidan surukai. Ummi ta yi tuntuɓe da turmi ta faɗi, ta tsandara kuka. Rabi ta zabura, har ta rabu da tabarma, sai ta tuna inda take, ta koma ta zauna ta ja mayafi ta rufe fuska. Na taɓa ganin wannan zabura a gidana, shekaru da yawa da suka wuce, na yi kamar ban gani ba. Ka tambayi matarka abin da take so, ku biyu a ɗaki, kuma kada ka karɓi amsar farko.

Bayan kun tafi na sami mahaifiyarka, wadda kake kira Gwaggo, na ce mata a bar yarinyar ta bi iyayenta. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Malam, sau biyu ke nan. Da ka ɗauki nawa ka bayar, al'ada ka ce, na yi shiru. Na jira shekara da shekaru al'adar ta zagayo kaina, yanzu ta zo, ka ce a bari. Ni kaɗai ce ba ni da rabo a cikinta, ta gaba ta baya?"

Ba ta faɗi ƙarya ba. Na ce, "Gaskiyarki ce."

Ta ce, "Gaskiyata ba ta taɓa ba ni komai ba a gidan nan."

Daga ranar ba ta ƙara yi mini magana ba sai jiya. Tuwo yana zuwa a kan lokaci, miya ba ta ragu ba, amma ko sannu. Na saba da shirunta, sai dai wannan karon na san abin da ke cikinsa. Jiya da safe ina zaure na ga ta wanke kayan Ummi gaba ɗaya ta shanya, har da waɗanda ba su yi datti ba. Da yamma ta ninke su ta ƙulle a ɗankwali, ta haɗa da kuka da daddawa da garin kunu, wai an ce a Ikko ba a samun na kirki. Sannan ta zo bakin zaure ta tsaya daga ciki, ta ce:

"Malam, ka gaya wa Magaji na yarda. Amma ba zan ba ɗan aike ba, ba kuma zan goya wa Rabi ita a ɓoye ba. Shi zai shigo har tsakar gida da rana tsaka, ya ɗauke ta da hannunsa, ya saɓa ta a kafaɗa, ya fita da ita ta ƙofar gida mutane suna kallo, har tashar mota. In ya iya wannan, na san ba zai ba wani ita a can ba. In kunya ta hana shi, to ya bar mini abata."

Na ce, "Za a yi surutu a unguwa."

Ta ce, "A yi. Da aka yabe ka, me ka samu?"

To, ka ji sharaɗin, kuma ban rage ko kalma ba. Na san ba ƙaramin abu ta nema ba. Za a ce ɗan boko ya zubar da kunya, ya rungumi 'yar fari a bainar jama'a. Tsofaffin ƙofar masallaci za su yi kwana biyu a kai, har sai wani ya yi abin da ya fi naka. Ba zan tilasta maka ba, ba ni da wannan hurumin, wanda ya rene ka ne yake da shi kuma ya tafi. Shawara ce daga mutumin da ya bi ɗaya hanyar har ƙarshenta ya ga abin da ke can.

Idan ka tafi da ita, ba sai ka kira sunanta ba in bakinka ya ƙi. Ka dai san abin da take ci da abin da take ƙi. Ku yi mata Hausa a gida, ku sa ta a allo idan ta isa. Ku kawo ta hutu, amma ku koma da ita, ko da mu ne muka roƙa, don za mu roƙa. Ka riƙa rubuto wa Gwaggo takarda ita kaɗai, zan karanta mata ba tare da na sa baki ba. Ita ce ta biya wannan tafiya, ba ni ba.

Allah ya kai ku lafiya ya sauke ku lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum, ya sa albarka a abin da za ka samu, ya raya Ummi a gabanku, ya jiƙan Yaya Sale, ya ba mahaifiyarka ladan abin da ta yi. Amin.

Ranar da za ka zo, za ka same ni a zaure, don ba wata hanyar fita sai ta nan. Na san halinka, za ka so ka sauke ta ka durƙusa ka yi mini sallama. Kada ka sauke ta. In ta miƙo mini hannu tana kiran tsoho, kada ka tsaya, ni ma ba zan ɗago ba. Ka wuce da 'yarka.

Wassalam,
Malam Habu.